Shin zane zai amfani ungulu da wani abu?

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai koyon zane a Jos. Mahaifina yakan ba ni labarin yadda ungulaye suke cika mayanka a da, amma ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Ina so in zana su, sai ƙawayena suka ce babu mai sayen hoton ungulu, kuma zane ba ya dawo da abin da ya tafi. Mene ne shawararku?
Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo

Amsa: 'Yata, ki zana ungulu, domin abin da mahaifinki ya faɗa gaskiya ne. Tun 2015 aka sanya irin ungulun da muka saba gani cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa a duniya. Ana kashe ta da guba, ana kai kanta da ƙafafunta kasuwa wajen masu haɗa magani da tsafi, sannan dogayen itatuwan da take sheƙa a kansu ana sare su don katako da gawayi. Ita ce take cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, amma ba mu san darajarta ba sai da ta ƙaurace mana.

Ban ga laifin masu zana zaki da giwa don ƙawata falo ba, sai dai irin wannan hoton ba ya tayar wa kowa da hankali. Ke ki zana mayanka da kututturen bishiyar da aka sare a gefenta, da sararin sama fayau babu ko fiffike ɗaya, ki kai wa dattijon mahauci ya gani. Na tabbata zai ba ki labarin da ba ya cikin littafi, yaran da ke wurin kuma su saurara.

Ba ke ce farau ba wajen zana halittun yankinku. Ladi Kwali, mai ginin tukwane wadda hotonta yake jikin naira 20, da ƙadangaru da kadoji da tsuntsayen ƙasar Gwari ta ƙawata tukwanenta, domin su ta tashi tana gani. Don haka ki fita ki kalli abin da ya rage: dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI take, da kududdufan da haƙar kuza ta bari a inda da daji ne. Ki tafi da takarda da fensir da sassafe, lokacin da tsuntsaye suke fitowa kiwo.