Ku Tambayi Uwar Girki: Alewar Gyaɗa a Maikurowef

Saƙonnin da suka taru mini wannan karon yawancinsu a kan alewar gyaɗa ne, irin mai ƙaras-ƙaras ɗin nan da ake zubawa a tire a fasa gutsure-gutsure, kuma duk masu tambayar a maikurowef suke son yin ta. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Na bi wani tsari da ya ce a dafa minti 4, a juya, a ƙara minti 4, sannan a ƙara minti 2. Ban rage ko daƙiƙa ɗaya ba, amma alewar ta ƙi bushewa, sai danƙo take tana maƙalewa a haƙori. Ƙawata ta bi tsarin nan a gidanta, tata kuma ta ƙone har ɗaci take yi. Wace ce ta yi kuskure a cikinmu? Daga wata amarya.

Amsa: Ƙanwata, babu wadda ta kuskure lissafi a cikinku. Mintocin da kuka bi na maikurowef ɗin wanda ya rubuta tsarin ne, ba na naku ba. Na'urorin da ake amfani da su a gidaje ƙarfinsu yakan kama daga wat 700 zuwa wat 1200, kuma wannan tazara ce babba. Abin da mai wat 1000 zai dafa cikin minti 10, mai wat 700 sai ya kai wajen minti 14, mai wat 1200 kuwa minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi ya gama. Duba takardar da aka liƙa a bayan na'urar ko a gefen ƙofarta. Sau da yawa za ki ga lamba biyu: babbar ta wutar da yake ja ce, ƙaramar ita ce ƙarfin da yake dafa abinci da shi, kuma ita ce ta shafe mu.

Amma ko kin san lambar, kada ki bar wa agogo hukunci. Abin da ake nema a dahuwar sukari shi ne a kore ruwan da ke cikinsa. Yayin da ruwan yake fita, zafin sukarin yana hawa, don haka zafin ne yake gaya miki inda aka kai. A digiri 112 zuwa 116 na ma'aunin Salshiyas, in ya huce zai yi laushi ana iya mulmula shi. A 132 zuwa 143 zai yi ƙarfi amma yana lanƙwasuwa, yana kama haƙori. Sai a 149 zuwa 154 ne ruwan da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma nan ne yake karyewa ƙas. In kin ga an rubuta 300 a wani tsari, ma'aunin Farenhait ake nufi, daidai yake da 149 ɗin nan. Da ya haura 160 launi yakan sauya da sauri, gyaɗar kuma ba ta jira. Taki ta tsaya kafin ta iso, ta ƙawarki ta zarce. Tsakanin biyun, a na'ura mai ƙarfi, bai fi minti ɗaya ko biyu ba.

Ga yadda nake yi. Sukari kofi 1, wato giram 200. Ruwan gulukos, wato wani ruwan zaƙi mai kauri kamar zuma, rabin kofi. Gyaɗa ɓararriya kofi 1, wajen giram 150. Gishiri ɗan kaɗan, bota babban cokali 1, fanila ƙaramin cokali 1, bekin soda ƙaramin cokali 1. Kafin na kunna komai nakan shafe tire da bota, na auna sodar a ɗan kofi, na ajiye safar hannu ta ɗaukar zafi da kofin ruwan sanyi kusa da ni. Wannan shirin shi ne rabin aikin, domin da zarar sukarin ya kai, ba za ki samu sukunin neman cokali ba.

Ki haɗa sukari da gulukos da gishiri a kwanon gilashi mai jure zafi, wanda zai ci aƙalla lita 2, ki juya sosai. In ɗanyar gyaɗa ce, ki zuba ta tun yanzu, a cikin sukarin za ta soyu. In soyayya ce, ki riƙe ta sai sukarin ya tafasa ya fara sauya launi, in ba haka ba sau biyu za ta sha wuta. Ni ɗanyar na fi so, ƙanshinta yana shiga sukarin fiye da wadda aka riga aka soya. Ki dafa minti 4 a cikakken ƙarfi, ki fito da shi ki juya da cokalin katako. Juyin nan wajibi ne, saboda maikurowef ba ya raba zafi daidai, wani gefen yakan riga wani. Ki mayar minti 2 zuwa 3, ki sake dubawa. Da ya fara komawa ruwan zuma, ki zuba bota da fanila. Daga nan kada ki ƙara ba shi fiye da daƙiƙa 30 a jere ba tare da kin gwada ba.

Gwajin ba ya buƙatar wani kayan aiki. Ki ɗiga ɗan sukarin a ruwan sanyi, ki jira 'yan daƙiƙoƙi, ki ciro da yatsa. In ya lanƙwashe, da saura. In ya yi zare mai ƙarfi ya karye da ƙara, ya yi. Ki riƙa sauya ruwan, don ruwan da ya yi ɗumi yakan ruɗi mutum. Mai ma'aunin zafi na girki tana iya tsoma shi bayan ta fito da kwanon, amma ba a barin sa ciki na'ura na aiki. Ki kuma tuna cewa gilashi yana riƙe zafi, sukarin zai ci gaba da dahuwa bayan an fito da shi, don haka gara ki tsaya a 149 da ki jira 154. Ranar da ta yi miki daidai, ki rubuta mintocin a takarda ki liƙa a jikin ƙofar kabad. Waɗannan ne mintocin na'urarki.

Wadda ta riga ta yi danƙo kuwa, kina iya karya ta ki mayar kwano da cokali ɗaya na ruwa ki sake dafawa kaɗan-kaɗan. Za ta bushe, sai dai ba za ta yi sakayau kamar ta farko ba. Ta ƙawarki ba ta da magani, ɗacin ƙonannen sukari ba ya fita.

Tambaya: Hajiya, ni ne mai yi wa yara alewar nan a gida. Mene ne amfanin bekin soda a ciki? In babu, bekin hoda zai iya maye gurbinsa? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Sodar ita ce take bambanta alewar da haƙori zai iya da wadda sai an tsotsa. Idan ta shiga sukari mai zafi haka, takan saki iskar kabon dayoksaid, sai sukarin ya kumbura ya yi kumfa, launinsa ya koma fari-fari. Da ya huce, ƙananan kumfar nan sukan daskare a ciki, su ne suke sa ta karye cikin sauƙi a baki. Tana kuma ƙara mata launi da ɗanɗano, domin gasuwar da ke tsakanin sukari da furotin na gyaɗa ta fi sauri in tsami ya ragu.

Shi ya sa ake zuba ta a ƙarshe, bayan an gama da wuta, a juya da sauri na 'yan daƙiƙoƙi har ta bi ko'ina, a juye a tire nan take. Ga inda mutane da yawa suke ɓata aikinsu: sai su ɗauki cokali su yi ta dannawa suna shafewa don ta yi faɗi. Duk dannawar da aka yi, kumfar ake fasawa. Ka karkata tiren hagu da dama ta bazu da kanta. In kana son ta yi siriri, ka ɗan ɗumama tiren tukuna, ko ka jira minti ɗaya ka ja gefunanta da cokula masu yatsu guda biyu.

Bekin hoda ba zai yi ba. Soda kaɗan ce a cikinsa, sauran tsami ne na gari da sitaci, kuma an haɗa shi ne don ƙullun da ke da ruwa. In babu soda gaba ɗaya, ka yi alewarka haka nan ka baza ta siririya sosai. Za ta yi sheƙi kamar gilashi, ta fi tauri, amma tana ciyuwa. Kada kuma ka ce bari ka ƙara soda don ta fi tashi, in ta wuce ƙaramin cokali ɗaya a wannan awon ɗanɗanon sabulu take kawowa. Ka murje ta kafin ka zuba, don gudajinta ba ya narkewa a sukari mai kauri, wanda ya tauna shi kuwa ba zai gode maka ba. Tunda yara ka ambata: ƙananan da ba su kai shekara 5 ba, gyaɗa ƙwaya da alewa mai tauri suna iya shaƙe su, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, sai ka tambaya kafin ka miƙa wa ɗan baƙo.

Tambaya: Ban samu ruwan gulukos ba, sai na yi da sukari da ruwa kawai. Tun kafin ya yi launi ya daskare ya koma tsaki-tsaki. Me ya faru?

Amsa: 'Yar'uwa, sukari ne ya koma ƙwayarsa. Idan ruwa ya ragu, narkakken sukari yana neman dalili ne kawai ya sake haɗuwa, kuma ƙwaya ɗaya da ta maƙale a gefen kwano ta isa ta ja sauran. Aikin gulukos, wanda daga sitacin masara ake yawan yin sa, shi ne ya shiga tsakani ya hana wannan haɗuwar. In ba ki da shi, zuma tana yi, sai dai ta fi saurin yin duhu, kuma alewar ta fi saurin jan laima, don haka ki sa ido tun da wuri. Hanya ta biyu ita ce ruwa kwatan kofi da rabin ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami a kan sukari kofi 1. Tsamin yana raba wani ɓangare na sukarin zuwa wasu nau'o'in sukari biyu, gulukos da furuktos, su kuma su yi aikin. Ki tabbata sukarin ya narke sarai kafin ya yi nisa da tafasa, ki goge ƙwayoyin gefen kwano da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, ki rage yawan juyi. Gaskiyar magana, a maikurowef wannan hanyar ta fi saurin ba da kunya. In ana samun gulukos, shi zan ce ki nema.

Tambaya: Robata an rubuta a jikinta cewa tana shiga maikurowef. Zan iya amfani da ita? Kuma zan iya ninka awon don na gama sau ɗaya?

Amsa: A'a ga duka biyun. Rubutun nan don ɗumama abinci aka yi shi, wanda zafinsa ba ya wuce na tafasasshen ruwa da yawa, wato digiri 100. Sukarin alewa yana kai 150. Roba za ta yi laushi ko ta huje, sukarin ya kwararo a hannu. Gilashin ma sai mai jure zafi irin Pyrex, marar tsagewa ko ɓantarewa, kuma kada ki ɗora shi a jiƙaƙƙen wuri ko ki sheƙa masa ruwan sanyi yana da zafi, fashewa zai yi. Ki bari ya huce, ki cika shi da ruwan zafi, sukarin da ya kama zai narke da kansa ba sai kin kankare ba. Ninka awo kuma yana sa kumfar ta cika kwanon ta zubo, tsakiya da gefe su dahu daban-daban. Ki yi sau biyu.

In tsautsayi ya sa sukarin ya ɗiga a fata, a tara wurin a ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Ba a sa ƙanƙara, ba a shafa mai ko man goge baki, kuma ba a fizge sukarin da ya manne. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, ko a jikin yaro, a tafi asibiti.

Tambaya: Tawa ta yi kyau ranar da na yi ta, na sa a firij, washegari duk ta jiƙe ta manne da juna.

Amsa: Firij ɗin ne ya ɓata ta. Dafaffen sukari yana jan danshi daga iska, kuma duk lokacin da aka fito da abu mai sanyi, raɓa takan sauka a kansa. Ki bari ta huce sosai a tire, kamar minti 30, ki fasa, ki zuba nan da nan a kwalba ko gwangwani mai murfin da iska ba ta shiga, ki raba tsakanin kowane layi da takardar gashin burodi, ki ajiye a wuri busasshe nesa da murhu. A haka takan yi mako biyu ko fiye ba ta sauya ba. Ranar da ake ruwan sama kuwa, kada ki bar ta a buɗe ko na awa ɗaya, kuma ki ɗan ƙara mata dahuwa har ta kusanci 154.