Yini Ɗaya A Ƙasar Aisilan

Tambaya: Malam, aiki zai kai ni Reykjavik, babban birnin Aisilan, a watan Disamba, yini ɗaya kacal zan samu na yawo. Ina zan nufa? Mai karatu, Gusau.

Amsa: Yallaɓai, yi sammako, don hasken rana bai wuce awa 4 zuwa 5 ba. Kama hanyar kudu zuwa Seljalandsfoss, ruwa mai zubowa daga tsayin mita 60. Kowa nan yake tsayawa, amma kai taka gaba kaɗan zuwa Gljúfrabúi, wani ruwan mai zubowa wanda ya ɓuya cikin tsagar dutse. Sai ka bi ta cikin rafi kafin ka gan shi, ka tanadi takalmin roba da safa ta biyu.

Dutsen ƙanƙara na Sólheimajökull kuwa, da ke can gaba a hanyar kudun, ba Kwatarkwashi ba ne, ramuka gare shi. Kada ka hau sai da ɗan jagora.