Wace ce Satsuki Fujisawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Japan na da gwana a wasan nan na tura dutse kan ƙanƙara, wato curling. Akwai kuwa: Satsuki Fujisawa, 'yar garin Kitami a tsibirin Hokkaido. Ita ke sakin duwatsun ƙarshe, kowanne kusan kilo 20, tana ƙwala wa abokan wasanta masu share ƙanƙarar gaban dutsen kira.

Gurbin Olamfik na 2014 ya kuɓuce mata. A 2015 ta koma gida ta shiga ƙungiyar Loco Solare, shekara na zagayowa sai ga lambar azurfa a gasar duniya. A Olamfik na 2018 suka doke Birtaniya suka ɗauki tagulla, wasan da har yau yake cikin raina. A 2022 Birtaniyar ta rama a wasan ƙarshe, 10 da 3.