Me ya sa rubutu yake juyewa a kyamarar gaba?

Tambaya: Malam, ina da shagon ɗinki a Mabera, nan Sakkwato. Duk lokacin da na ɗauki bidiyo da kyamarar gaba domin tallata kayana, sai rubutun allon shagon ya fito a juye. Wayar ce ta lalace?

Amsa: Hajiya, wayarki lafiyarta ƙalau. Da gangan masu ƙera ta suka sa kyamarar gaba ta riƙa kwaikwayon madubi, domin fuskar da muka saba gani a madubi ita ce muke ɗauka tamu.

Madubi gilashi ne da aka shafa wa bayansa siririn ƙarfe mai sheƙi, azurfa ko alminiyom. Wani Bajamushe masanin kimiyya, Justus von Liebig, shi ne ya fito da dabarar shafa azurfar a 1835. Idan haske ya taso daga fuskarki ya faɗa wa wannan shafen, sai ya dawo da daidai karkatar da ya zo da ita, ba ƙari ba ragi, kuma saboda sulɓin shafen, hasken yana dawowa a tsarinsa. Bangon ƙasa ma yana mayar da haske, amma kaushinsa yana watsa shi ko'ina, shi ya sa ba kya ganin kanki a jikinsa. Ido kuwa ya ɗauka haske a miƙe yake tafiya, don haka sai ya ga surarki a can cikin madubin, nisanta daidai da nisanki daga gare shi. Masanin kimiyya Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitabul Manazir kimanin shekara 1,000 da suka wuce, abin da nake ganin ya kamata ɗalibanmu su sani.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne madubi bai sauya dama da hagu. Ki ɗaga hannun dama, za ki ga wanda yake wannan gefen ne ya ɗagu. Gaba da baya yake juyawa, shi ya sa rubutu yake fitowa a juye a cikinsa, kamar yadda rubutun hatimi yake a juye kafin a buga shi a takarda.

Cikin kyamarar gaba babu madubi, manhaja ce take juya hoton. Ki shiga saitin kyamara, a wayoyin Samsung da iPhone akwai wurin da ake kashe adana hoto a juye. Idan manhajar da kike ɗauka da ita ba ta da wannan zaɓi, ki yi amfani da kyamarar baya, wadda ma yawanci ta fi fitar da launin atamfa da kyau.