Tambaya da Amsa: Ma'anar Wasu Kalmomin Ilmin Ƙwari

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun ilmin halittu. Malaminmu ya ce gizo-gizo da kunama ba ƙwari ba ne, alhali kowa haka yake kiran su. Mene ne ƙwaro a wurin masana?

Amsa: Malama, maganar malaminku daidai ce bisa ma'aunin ilmi. A bakin jama'a duk ƙaramar halittar da ke rarrafe ko tashi ana ce mata ƙwaro, amma masu entomoloji, wato ilmin nazarin ƙwari, sun taƙaita sunan ga halittar da jikinta ya kasu kashi uku, kai da ƙirji da ciki, tana da ƙafa shida waɗanda duka daga ƙirji suka fito, sannan a kanta akwai zare biyu da ake kira antena, da su take sansana abu kuma take taɓa shi. Gizo-gizo ƙafarsa takwas, jikinsa kashi biyu, ba shi da antena, shi ya sa aka haɗa shi da kunama da kaska a wani aji dabam mai suna Arakinida. Sai dai a yi hattara da ƙirgen ƙafa kaɗai, domin kaska idan ta fito daga ƙwai ƙafa shida gare ta, sai daga baya take cika takwas.

Tambaya: Malam, kalmomi uku suna rikita ni a darasin girman ƙwari: laba, fiyufa da nimf. Ashe ba duka ɗan ƙwaro suke nufi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, duka suna nufin ƙwaron da bai gama girma ba, amma ba a sauya ɗaya da ɗaya. Tushen maganar shi ne ƙwaro ba shi da ƙashi a ciki, ɓawo ne mai tauri ya rufe shi daga waje, wanda sinadarin kitin ke cikinsa, kuma tunda ɓawon ba ya miƙewa sosai, dole ƙwaron ya riƙa yin saɓa kamar maciji kafin ya ƙara girma. Sauyin kamannin da ke faruwa a tsakanin nan shi ake kira metamofosis, kuma iri biyu ne manya.

A cikakken sauyi akwai matakai huɗu: ƙwai, laba, fiyufa, sannan balagaggen ƙwaro. Laba ita ce tsutsar da ba ta kama da iyayenta ko kaɗan, ba ta da fiffike, aikinta ci kawai. Wanda ya leƙa ruwan da ya kwana biyu a kwance zai ga labar sauro tana wutsil-wutsil, tana hawowa saman ruwa don shaƙar iska, kuma daga yadda take tsayawa ma ana gane jinsinta, domin ta Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kwanciya take yi a miƙe daf da fuskar ruwa, ta Kiyuleks, wani jinsin sauron, kuwa ratayuwa take yi kai ƙasa, tana numfashi ta wani ɗan bututu a gindinta. Bayan saɓa ta huɗu sai ta zama fiyufa, matakin da ba a cin komai, ana rushe jikin tsutsa ana gina na ƙwaro mai fiffike. Yawancin fiyufa ba sa motsi, amma ta sauro, mai siffar waƙafi, tana nutsewa da sauri da zarar inuwa ta gitta. Ƙuda da ƙudan zuma da tururuwa da malam-buɗe-littafi duk haka suke girma.

Nimf kuwa na masu sauyi marar cika ne, irin su fara da kyankyaso da kuɗin cizo. Ɗan fara tun ranar ƙyanƙyasa fara ne, ƙarami marar fiffike, kuma ba ya bin matakin fiyufa. A ganina duk ɗalibin da ya riƙe wannan bambancin ya huta da rabin haddar darasin.

Tambaya: Malam, me ya sa sunayen rukunonin ƙwari da yawa suke ƙarewa da "tera"?

Amsa: Daga kalmar Girkanci ce mai nufin fiffike, domin Karl Liniyas, masanin ƙasar Suwidin, da fiffike ya rarraba ƙwari a bugun littafinsa na 1758. Diftera masu fiffike biyu ne, wato ƙuda da sauro, waɗanda fikafikansu na baya suka zama wasu 'yan sanduna masu daidaita tashi. Lefidoftera masu fiffike mai ɓamɓaroki ne, kuma garin da ke maƙale wa yatsa idan an kama malam-buɗe-littafi shi ne ɓamɓarokin. Koliyoftera, dangin buzuzu, fikafikansu na gaba sun taurare sun zama kube, kuma su ne rukuni mafi yawa, kusan jinsi 400,000 cikin kimanin miliyan ɗaya da aka sani. Gara a da rukuninta Aisoftera, wato masu fikafikai daidai da juna, saboda fikafikan shinge huɗu kusan tsawonsu ɗaya, amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ta fi kusa da kyankyaso fiye da tururuwa, don haka yanzu a rukunin kyankyaso ake lissafa ta.