Amsa kan kuɗin kamfanoni a yaƙin neman zaɓe

Malam, ka tambaya ko doka ta hana kamfanoni zuba wa 'yan takara kuɗi. Ta hana. Sashe na 43 na dokar kamfanoni ta 2020 ya haramta wa kamfani ba jam'iyya gudummawa ko kashe dukiyarsa don siyasa, kuma jami'an da suka amince su ne za su mayar da kuɗin. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma, a lokacin da aka yi ta, ta ƙayyade gudummawar mutum ɗaya ga ɗan takara a kan naira miliyan 50, mai neman gwamna, kamar a nan Kaduna, kada ya kashe fiye da biliyan 1.

Inda gizo ke saƙa shi ne, mai kamfani kan bayar da sunansa ko ya rarraba wa 'yan'uwa su bayar. Wani ma ba kuɗi zai miƙa ba, sai motoci, mai, allunan talla da lokacin rediyo, daga baya a saka masa da kwangila. Wannan ne ya fi ci mini rai.

A gani na gyaran shi ne a tilasta kowace gudummawa ta bi ta banki, a ƙiyasta kuɗin kayan da aka bayar, sannan hukumar zaɓe ta INEC ta wallafa sunayen masu bayarwa kafin ranar zaɓe, ba bayansa ba.