Tambaya da Amsa: Wai me zai hana masu gem su fitar da littafi ɗaya mai tarihin labarinsu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ina zaune a Gwallameji nan Bauchi, akwai wani gidan gem da muke zuwa da yamma in an tashi daga karatu. To shekaranjiya musu ya kaure tsakanina da abokina a kan Mortal Kombat, ni na ce Scorpion da Sub-Zero abokan gaba ne tun asali, Scorpion ɗin ma ai shi ya kashe Sub-Zero, shi kuma ya dage wai wa da ƙani ne, har da rantsuwa, muka yi ta yi har mai gidan ya kashe talabijin ya ce mu je waje mu ƙarasa. Dan Allah Malam me ya sa kamfanonin nan ba za su rubuta littafi guda ba, su ce ga asalin labarin nan daga farko har ƙarshe, kowa ya huta da gardama?

Daga wani mai karatu, Gwallameji, Bauchi

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, na gode da wannan tambaya, wallahi ta yi min daɗi don ta taɓo abin da na daɗe ina so in yi magana a kai.

Bari in fara raba muku gardamar, kai da abokinka duk kuna da gaskiya. A tsohon labarin da aka faro tun 1992, Scorpion sunansa Hanzo Hasashi, Sub-Zero na farko kuma Bi-Han, shi Bi-Han ya kashe Hanzo, Hanzo ya dawo daga lahirarsu ta cikin gem ya rama, daga baya Bi-Han ya koma wannan baƙin da ake kira Noob Saibot, sai ƙaninsa Kuai Liang ya ɗauki sunan Sub-Zero. Wannan naka kenan. Amma a Mortal Kombat 1 da ya fito a 2023, Liu Kang ya zama allan wuta na cikin labarin ya sake gina duniyar daga tushe, a can Kuai Liang shi ne Scorpion, Bi-Han shi ne Sub-Zero, kaga kuwa wa da ƙani ne. Wannan na abokinka kenan. To yanzu ka duba, da a ce sun buga littafin da kake nema a 2010, kai zai mara wa baya, da a 2023 aka buga, abokinka zai ɗaga shi sama ya ce ka gani ko, kuma kamfanin ɗaya ne, mutumin da ke jan ragamar gem ɗin ma Ed Boon yana nan tun farko. Kafin nan ma a 2011 sun taɓa juya labarin baya, inda Raiden, allan tsawa na cikin labarin, ya aika wa kansa na da saƙo don ya canza abin da zai faru.

Kuma ba wai ba a taɓa yin irin littafin ba, an yi. Wanda ya fi shahara shi ne Hyrule Historia na Nintendo, ya fito a Japan a ƙarshen 2011 lokacin da gem ɗinsu na Zelda ya cika shekara 25, na Turanci ya biyo baya a 2013. Shekara da shekaru masu buga Zelda suna ta musu a kan wane ne ya riga wane a cikin labarin, sai littafin ya zo ya ce ai daga gem ɗin Zelda mai suna Ocarina of Time na 1998 tarihin ya rabu gida uku, har da reshen da jarumin ya sha kaye, abin da kusan ba wanda ya kawo a ransa. Ka ɗauka an huta? Ina, sai musun ya koma kan littafin kansa, wasu suka ce ɗinki ne kawai aka yi daga baya don a haɗa abin da tun farko ba a yi shi don ya haɗu ba. Da wani sabon Zelda mai suna Breath of the Wild ya fito a 2017 kuma sai aka ajiye shi can ƙarshe ba tare da an ce ga reshen da ya fito ba. World of Warcraft ma sun yi nasu kundin daga 2016, sabbin sassan gem ɗin suka zo suka taɓa wasu abubuwan da ke ciki.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Gem ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba, marubuta suna zuwa suna tafiya, kuma abin da kamfani ya fara dubawa shi ne wasan ya yi daɗi a hannu ya sayu, labari yana biyo baya. In suna son dawo da wani ɗan wasa da ya mutu saboda mutane na sonsa, za su dawo da shi ko littafi ya ce an binne shi.

Akwai kuma masu ƙin bayani da gangan, kuma gaskiya ni nan zuciyata ta fi karkata. Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022, na kamfanin FromSoftware, ba wanda zai zaunar da kai ya ba ka labari, sai dai ka tsinci takobi ko zobe ka karanta layi biyu uku da aka rubuta a jikinsa, ka ga wani rusasshen gini, ka haɗa da kanka. Shugabansu Hidetaka Miyazaki ya taɓa ba da labarin cewa yana yaro yakan karanta littattafan da suka fi ƙarfinsa, inda bai gane ba sai ya cike da tunaninsa, irin wannan daɗin yake so mai wasa ya ji. Irin wannan gem in ka yi masa littafin da ya amsa komai ka kashe shi.

Mu nan ai mun fi kowa sanin wannan. Ina tuna wani gidan gem a wajen Wunti lokacin PS2, ɗaki ɗaya, benci biyu, janareto na ta ƙara a bakin ƙofa, kuɗinka na ƙarewa za a karɓe fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana buga gem ɗin, a miƙa wa na baya, to wa zai tsaya kallon bidiyon labari alhali lokacinsa na tafiya, dannawa kawai ake a wuce. Amma akwai wani yaro da ya ɗan fi mu jin Turanci, in an ɗauke wuta kuma ba mai a janareto sai mu kewaye shi a ƙofar shagon yana ba mu labarin Kratos na God of War, yadda aka yaudare shi ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, tokarsu ta manne a jikinsa shi ya sa ya yi fari fat, yana yi yana nuna fatar hannunsa, mu kuma tsit. Wani abin daidai ya faɗa, wani ƙari ne nasa, amma daga bakinsa na fara son labarin gem. Kamar tatsuniyar Gizo ce, yadda kakata ke yin ta daban da yadda ake yi a gidan maƙwabta, ba kuma wanda ya taɓa cewa a kawo takarda a tantance.

To ra'ayina, a yi littafin, ban ƙi ba sam, musamman gem mai dogon zango da ya haura shekara ashirin ko talatin, wanda yaro zai shigo a na goma sha ɗaya bai san wane ne uban wane ba. Amma ya zama littafin da zai ce a gem kaza na shekara kaza ga abin da ya faru, a na gaba an canza kaza, ya nuna inda aka sake zubi a fili ba ɓoye-ɓoye. Ko GTA da Rockstar suka fito suka ce duniyar San Andreas na 2004 daban take da ta GTA V na 2013, wannan ɗan bayanin kaɗai ya wadatar da mai tambayar ina CJ, jarumin San Andreas, ya shiga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne littafin da zai zama alƙali, a rufe wa kowa baki da shi, bayan su masu shi gobe za su iya warware shi. Ga tsada kuma, da dala ake sayar da su, kafin ya iso Bauchi kuɗinsa ya sayi fad sabo har da canji, kuma ba da Hausa aka rubuta ba.

Kai kuma ga abin da za ka yi, Mortal Kombat 1 bai fito a PS4 ba, sai PS5 da Xbox Series da Switch da kwamfuta, don haka ina zaton a waya abokinka ya kalli labarin. In mai gidan gem ɗinku yana da PS3 ku roƙe shi ya sa muku na 2011 ranar da ba cunkoso, ku shiga ɓangaren labari ku kai babi na uku, na Scorpion ne, nan za ku ga Raiden yana roƙonsa ya bar Bi-Han da rai, Scorpion ya amince, sai wani matsafi mai suna Quan Chi ya nuna masa hoton yadda aka hallaka iyalinsa. Ku zauna tare ku kalla, kada wanda ya danna a wuce, daga nan shi ma ya buɗe maka na 2023 a wayarsa.